Yadda Ake Takawa a Ƙafa Zuwa Machu Picchu: Kwana Huɗu a Kan Hanyar Inka

Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419. Tsohon garin Machu Picchu da ke ƙasar Peru yana zaune ne a mita 2,430, kuma a cikin tafiyar da za mu yi magana a kai, shi ne wuri mafi ƙasa da ƙafarka za ta taka. Duk kwanakin nan huɗu a sama da haka za ka yi su, har ka kai mashigar da ke mita 4,215. Mutumin da ya tashi a Kano, wadda ba ta kai mita 500 ba, ko ma na Jos mai wajen 1,200, ya kamata ya riƙe waɗannan alƙaluman a ransa kafin ya fara tunanin hoto. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita 43 ce ko ƙasa da haka kaɗan. Manomin da ke zuwa kasuwar ƙauye a ƙafa zai yi dariya in ya ji an ce kwana huɗu. Abin da ke ba mutane wuya numfashi ne, sai gwiwa.

Hanyar kanta wani ɗan yanki ne na hanyoyin daular Inka, waɗanda suke kira Qhapaq Ñan, masu tsawon kusan kilomita 30,000, da suka ratsa tsaunukan Andis daga kudancin Kolombiya har Cile da Ajantina. Mutanen Inka ba su da doki, ba su amfani da keken ɗaukar kaya. Da ƙafa suke tafiya, sai lama, wata dabba dangin raƙumi marar tozo, mai ɗaukar ɗan kaya. Shi ya sa maginansu ba su damu da kewaye dutse ba, matakala suke sassaƙawa su haye kai tsaye. Yau gwiwarka ce za ta biya kuɗin wannan dabarar. Shi kuwa garin Machu Picchu, an gina shi wajen shekarar 1450 a zamanin sarki Pachacuti, aka bar shi kufai bayan Sifaniyawa sun ci daular a shekarun 1530.

Mataki na farko: ka san jinsin jininka

Na fara da wannan ne domin kamfanonin yawon buɗe ido ba safai suke tambaya ba, mu kuwa ya shafe mu fiye da yawancin baƙinsu. A mita 4,200, iskar oksijin da ke shiga jiki a kowane numfashi kusan kashi 60 ne cikin ɗari na abin da ake samu a bakin teku. Ƙarancin oksijin shi ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila su toshe jijiyoyi. Mai SS ko SC, wannan tafiyar ba tasa ba ce, kada ma a ja magana. Mai AS kuma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, yana iya buga ƙwallo minti casa'in, a can sama jini na iya toshe masa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Likitocin ƙasashen tsaunuka sun san wannan ciwon sarai. Saboda haka ka je asibiti a gwada ka, ka gaya wa likita tsawon da za ka hau da alƙalumansa, ka bi abin da ya ce. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko asma, da mai juna biyu, duk su ma likita ne zai yanke musu.

A wannan zuwan ka tambaye shi batun maganin acetazolamide, wanda ake sayarwa da sunan Diamox. Yana taimaka wa jiki ya saba da tsauni. Yana sa yawan fitsari da jin kamar ƙaiƙayi a yatsu, kuma wanda magungunan salfa ba su karɓe shi ba sai ya faɗa tun da wuri.

Mataki na biyu: lokaci da takardar izini

Kusko, tsohuwar hedikwatar Inka inda tafiyar ke farawa, tana kudu da tsakiyar duniya kusan daidai yadda Kano take arewa da ita. Don haka lokutanmu a juye suke: sa'ad da muke damina, su rani suke yi mai sanyi. Daga Mayu zuwa Satumba sama garau, rana da zafi, dare kuma a Yuni da Yuli sanyi kan kai inda ruwa ke daskarewa. Ruwan sama yana sauka ne daga Nuwamba zuwa Maris, kuma a watan Fabrairu ana rufe hanyar gaba ɗaya don gyara. A ganina Mayu ya fi, domin ruwa ya ɗauke amma tsaunuka ba su rabu da korensu ba. Satumba ma ba laifi. Ƙarshen Yuni akwai bikin rana na Inti Raymi a Kusko, ranar 24 ga wata, gari kan cika maƙil, masauki ya yi tsada. Ka kuma duba kalandar Musulunci kada ranakunka su faɗa cikin azumi, domin hawan nan ba ya yiwuwa ba tare da shan ruwa a kai a kai ba.

Ba a shiga wannan hanyar kai kaɗai. Tun farkon shekarun 2000 hukuma ta wajabta bin kamfani mai lasisi, ta kuma ƙayyade mutum 500 a rana. Cikin ɗari biyar ɗin har da 'yan jagora da masu girki da 'yan dako, don haka gurbin baƙi bai wuce wajen 200 ba. Ana buɗe sayar da izinin shekara mai zuwa tun ƙarshen wadda ake ciki, kuma na Mayu da Yuni kan ƙare da watanni. Ka kama naka da wata shida aƙalla. Kamfanin ne zai saya maka, da sunanka da lambar fasfonka, ba a canja suna, ba a ɗaga rana, ba a mayar da kuɗi. In fasfonka ya kusa ƙarewa, sabunta shi kafin ka biya. In kuwa ka riga ka biya sannan ka sabunta, sanar da kamfanin, ka kuma tafi da tsohon tare da sabon.

Yawancin kamfanoni suna karɓar tsakanin dala 700 da 1,000 a kan mutum ɗaya, da ɗan kafin alƙalami a farko. Kafin ka tura ko sisi, ka nemi su rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: tanti, abinci, tikitin shiga Machu Picchu, motar saukowa, jirgin ƙasan komawa, da ko akwai ɗan dakon da zai ɗaukar maka kayanka. Tambaye su mutum nawa ne a ayari, a ina za a kwana kowane dare, da ko suna tafe da tukunyar oksijin. Wanda ya karya farashi ƙwarai, ka sani daga haƙƙin 'yan dako ya rage.

In izini ya ƙare, ba shi ke nan ba. Akwai hanyar Salkantay, kwana biyar, mai mashiga wajen mita 4,600, wadda ba ta da ƙayyadadden adadi; ta fi tsaunukan ƙanƙara amma ba ta da jerin kufan Inka. Akwai ta Lares da ke ratsa ƙauyukan masaƙa. Akwai kuma gajeriyar hanyar Inka da ke farawa daga kilomita na 104 na layin dogo, yini ɗaya a ƙafa, ga wanda ba ya son kwanan tanti.

Biza da jirgi: ɗan Najeriya yana bukatar bizar Peru, kuma babu jirgi kai tsaye. In za ka bi ta Madrid ko Paris ko Amsterdam, mai fasfon Najeriya ko Gana yana bukatar bizar wucewa ta filin jirgi. Ta Amurka ma sai da biza. Wasu kan bi ta Addis Ababa zuwa Sao Paulo sannan Lima, babban birnin Peru. Ka tabbatar da sharuɗɗan kowace ƙasa kafin ka sayi tikiti, ka ɗauki katin rigakafin shawara, ka kuma sayi inshorar da ta ambaci tafiyar ƙafa sama da mita 4,000 a rubuce. A kan hanyar babu mota; wanda ya faɗi, a kan makara 'yan dako ke fito da shi.

Mataki na uku: horo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka wata uku. Gudu a fili yana da amfani, amma abin da kake bukata shi ne matakala, hawa da sauka, da jaka mai kilo biyar ko shida a baya. Na Kano yana da Dala da Goron Dutse, na Zariya yana da Kufena, na Jos da Abuja duwatsu sun kewaye su. Wanda ba shi da dutse, ya nemi bene ko matakalar filin wasa. Sau uku a mako, sannan ranar hutu ka yi doguwar tafiya ta awa biyar ko shida. A watan ƙarshe ka yi irin wannan kwana biyu a jere, domin ka ji yadda ake tashi da tsamin jiki a sake ɗaukar hanya. Kada ka raina saukowa, ita ce ke kashe gwiwa.

Duk wannan horon ka yi shi da takalmin da za ka je da shi. Sabon takalmi a ranar farko, bororo ne a rana ta biyu.

Mataki na huɗu: kaya

Kayanka kashi biyu ne. Kamfani zai ba ka wata jaka da ɗan dako zai ɗauka, yawanci kilo shida ko bakwai har da buhun barci, kuma ba za ka sake ganinta ba sai an sauka zango da yamma. Sauran a bayanka: fasfo, ruwa lita biyu, rigar ruwa, rigar sanyi, hula, tabarau, man kare rana, magunguna, takardar goge jiki, ɗan abin taɓawa. Suturar hawa-hawa ake yi, domin a yini ɗaya za ka ji sanyin hunturu da asuba, zafin bazara da hantsi, yayyafi da la'asar. Rigar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai ta zame maka ƙanƙara a jiki in ka tsaya. Nemi mai saurin bushewa. Safa mai kauri ƙafa huɗu, safar hannu, hular sanyi, tocilar goshi, silifa na zango. Mata masu hijabi su zaɓi gajere wanda ba zai rufe musu ganin matakala ba, da wando a ƙarƙashin riga mai tsayawa a gwiwa.

Sandunan tafiya guda biyu, kada ka ji kunyarsu, amma dole bakinsu ya zama da roba don kada su ƙarce duwatsun. Ana hayarsu a Kusko, haka ma buhun barci. An hana gorar roba ta yarwa, don haka ka zo da gora mai ɗorewa, masu girki za su riƙa cika maka da tafasasshen ruwa. Babu wuta a zango, sai ka taho da abin cajin waya. Man kaɗanya yana maganin tsagewar leɓe a busasshiyar iskar can kamar yadda yake yi a gida. Maganin ƙwari wajibi ne: a ɓangaren dajin ƙarshe akwai wasu ƙananan ƙudaje da ba ka jin cizonsu sai bayan kwana ɗaya, sannan ka yi mako kana susa.

Sai buta. Ba za ka samu a can ba. Ƙaramar gora daban ta wadatar. Banɗakunan hanya na tsuguno ne, wanda ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai tsabtarsu ba ta da daɗin faɗi. Kamfanoni da yawa suna zuwa da nasu a ɗan tanti. Kilishi da dambun nama ka bar su a gida, kwastam na Peru ba sa wasa da shigo da nama. Gyaɗa da busassun 'ya'yan itace suna nan tuli a kasuwar San Pedro ta Kusko.

Mataki na biyar: zaman Kusko

Daga Lima, wadda ke bakin teku, jirgi zai ɗauke ka cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi ya ajiye ka a mita 3,400. Jiki bai san an yi haka ba sai ka ɗauki jaka ka taka matakala goma. Ciwon tsauni, wanda su suke kira soroche, yana zuwa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci. Ba ruwansa da ƙarfi ko ƙuruciya. Ka ba jikinka kwana uku kafin ranar tashi. Biyu shi ne mafi ƙaranci. Dabara mai kyau ita ce daga filin jirgi ka wuce kwarin Urubamba, ka kwana a garin Ollantaytambo mai wajen mita 2,800, sannan ka hauro Kusko.

Ranar farko ka kwanta, ka sha ruwa, ka ci abinci marar nauyi. Rana ta biyu ka taka a hankali zuwa Qorikancha, haikalin rana da Sifaniyawa suka ɗora cocinsu a kansa, da dutsen nan mai kusurwa goma sha biyu a lungun Hatun Rumiyoc. Rana ta uku ka haura Sacsayhuamán, kufan Inka da ke saman gari, a ƙafa, ka ji yadda ƙirjinka ke amsawa. Ciwon kai mai sauƙi ba komai ba ne. Amma haki kana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi kamar mashayi, ko ruɗewar magana, waɗannan ba na jira ba ne: a sauka ƙasa, a nemi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Ko'ina ka shiga za a miƙo maka shayin ganyen koka. A Peru halal ne a doka, abin yau da kullum ne kamar goro a wurinmu, kuma ganyen ba hodar iblis ba ne, ko da yake daga shi ake sarrafa ta. Sai dai yana iya fitowa a gwajin fitsari, kuma hukuncinsa a addini tambayar malaminka ce. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya nemi shayin muña, wani ganye mai ƙamshin na'a-na'a.

Abinci kuwa, ka sanar da kamfani tun a rubuce cewa ba ka cin alade, ko ka ce a yi maka na marasa cin nama da kifi. Kalmomin da za ka kiyaye su ne cerdo da chancho da chicharrón, duk alade ne. Cuy ɓeran Masar ne gasasshe, abin alfaharinsu. Chicha giyar masara ce, amma chicha morada, ta jar masara, lemo ne kawai, ɗan'uwan zoɓo. Ba za ka ji yunwa ba: dankali iri-iri, miyar kinuwa, shinkafa, ƙwai, kifin rafi.

Daren ƙarshe ɗan jagora zai tara ku ya yi bayani, ya raba jakunkuna. Ka canji kuɗinsu, sol, ƙananan takardu.

Rana ta ɗaya

Mota za ta ɗauke ku tun kafin asuba, a karya kumallo a Ollantaytambo, a sauka a kilomita na 82 na layin dogo, wurin da ake kira Piscacucho. Nan za a duba fasfo da izini, a auna kayan 'yan dako a sikeli, ku haye gadar kogin Urubamba. Yinin sauƙi ne, wajen kilomita 11, busasshiyar ƙasa mai ƙaya, tsaunin Veronica da ƙanƙararsa a bayanku. Za ku hango kufan Llactapata daga sama da gonakinsa hawa-hawa. Kwana a Wayllabamba, wajen mita 3,000, ƙauye na ƙarshe mai mutane. Wasu ayarin kan wuce gaba su rage wa gobe aiki. Kuskuren wannan rana shi ne jin daɗin sauƙinta a yi ta sauri.

Rana ta biyu

Wannan ce ranar. Za a tashe ku da shayi mai zafi a bakin tanti wajen ƙarfe biyar. Alwala da ruwan can jarrabawa ce. Roƙi masu girki su ɗan ɗiba maka mai ɗumi, ba sa ƙi. Kai matafiyi ne, kasaru da haɗa salloli suna gare ka, alƙibla kuma gabas ce ta ɗan karkata arewa. Ka saukar da manhajar alƙibla da ke aiki ba intanet, domin babu sabis a yawancin hanyar.

Daga Wayllabamba zuwa mashigar Warmiwañusqa hawan mita 1,200 ne ba sassauci. Sunan a harshen Kecuwa yana nufin matacciyar mace, saboda siffar dutsen kamar mace a kwance rigingine. Da farko cikin kurmi ne mai inuwa da rafi a gefe, matakala bayan matakala. A Llulluchapampa, wajen mita 3,800, itatuwa za su ƙare, sai ciyawa da iska. Nan ne za ka fara hango mashigar, da mutane a kanta kamar tururuwa, ka ce ai an zo. Hangen Dala ba shiga birni ba: sauran awa biyu ga mai matsakaicin ƙarfi.

Ga yadda ake hawanta. Taku gajere, rabin wanda ka saba. Ka daidaita shi da numfashi, shaƙa a taku ɗaya, fitarwa a na biyu. In ba ka iya yin magana kana tafiya, saurinka ya yi yawa. A kowace matakala ka miƙe ƙafar baya ta ɗauki nauyinka na daƙiƙa ɗaya kafin ka ɗaga ta. Hutu gajere a tsaye ya fi dogon zama, domin zama yana sanyaya jiki. Kurɓi ruwa kowane minti ashirin ko ba ka jin ƙishi, ka jefa wani abu mai zaƙi a baki ko ba ka sha'awa. Kada ka bi sawun saurayin da ya wuce ka da gudu. Sau da yawa za ka tarar da shi gaba a zaune ya dafe kai. Ɗan jagora zai yi ta cewa despacio, wato sannu. Ka ɗauka da gaske.

In ka ji an yi kira daga baya, 'yan dako ne. Matsa gefen dutse, ba gefen kwari ba, ka ba su hanya. Manoma ne 'yan Kecuwa daga ƙauyukan tsaunuka, doka ta ƙayyade musu kaya kilo 20, suna ɗauke da tantinka da tukunyar gas da abincinka. Su ke tashi bayanku don su naɗe zango, su wuce ku a hanya, ku iso ku tarar an kafa tanti miya tana tafasa. Ka koyi kalma ɗaya tasu, sulpayki, na gode.

A saman mashigar iska ce mai yanka. Sa rigar sanyi nan da nan, ɗauki hotonka, kada ka wuce minti goma sha biyar. Saura saukar mita 600 a kan matakalar dutse zuwa zangon Pacaymayo. Tsawaita sandunanka, sauka a ɗan karkace, kada ka dira a kan miƙaƙƙiyar gwiwa. In an yi ruwa duwatsun suna santsi kamar an shafa kuɓewa. Daren nan shi ne mafi sanyi. Cika gorarka da ruwan zafi ka sa cikin buhun barci, wayarka ma ka kwana da ita don kada sanyi ya shanye batirin.

Rana ta uku

Ita ce mafi tsawo, wajen kilomita 16, kuma ita ce ladan jiya. Da safe hawa zuwa ɗan ginin Runkurakay mai zagaye, sannan mashiga ta biyu, wajen mita 3,950. Daga nan ƙafarka tana kan ainihin shimfiɗar da Inka suka yi da hannunsu. Sayacmarca, wani kufai na Inka, tana maƙale a kan hancin dutse, matakala ɗaya siririya ke kai wa gare ta. Bayanta yanayi zai sauya gaba ɗaya, a shiga kurmin hazo mai gansakuka da furanni, hanya a gine a jikin gangare, a wani wurin ma ta ratsa ramin da aka faɗaɗa cikin dutse. A Phuyupatamarca, gari a bisa gajimare, kwatamin wankansu na dutse har yau ruwa na gudu a ciki bayan shekara fiye da ɗari biyar.

Sannan saukar kusan mita 1,000, yawanci matakala. Wanda ya yi horon saukowa a gida nan zai gode wa kansa. Zangon ƙarshe Wiñay Wayna ne. Komai gajiyarka, ajiye jaka ka taka 'yan mintoci ka ga kufan kafin duhu: gonaki hawa-hawa a jere a jikin gangare, gidaje a sama da ƙasa, kogi can ƙasa kamar zare. Ni a wurina ya fi Machu Picchu natsuwa, domin babu wanda ke zuwa nan a mota.

Da dare ake sallama da 'yan dako da masu girki. Ayari kan haɗa tukuici. Tambayi kamfani abin da aka saba tun a Kusko, ku kuma damƙa wa kowa nasa a hannu a gaban jama'a.

Rana ta huɗu

Tashi wajen ƙarfe uku da rabi. Ba don ku ba ne, 'yan dako ne ke son su naɗe kaya su gangara su kama jirgin ƙasan asuba. Za ku zauna a layi a shingen bincike har a buɗe shi ƙarfe biyar da rabi. Lokacin sallar asuba kan riske ka a nan, don haka ka zo da alwalarka. Daga nan wajen awa ɗaya ne ko fiye zuwa Inti Punku, ƙofar rana, a kan siririyar hanya mai kwari a gefe. Mutane kan yi rige-rige a nan, kuma ba shi da amfani. Dab da ƙofar akwai matakala wajen hamsin a tsaye ƙiƙam, da hannu da ƙafa ake hawansu.

Daga ƙofar ne za ka fara ganin garin a ƙasa, tsaunin Huayna Picchu a bayansa. Wata rana hazo ne fari fat, ba ka ganin komai. Zauna ka jira, yakan yaye in rana ta ɗaga. Saura minti arba'in da biyar na gangara.

A ƙasa za ku fita ƙofa, ku ajiye manyan jakunkuna da sanduna, ku shiga banɗaki, domin babu ko ɗaya a ciki, sannan ku sake shiga da fasfo. Yanzu an raba garin zuwa zagaye-zagaye masu bin hanya ɗaya, ba a komawa baya, kuma tikitinka ne ke faɗin wanda za ka bi. Hawan Huayna Picchu tikiti ne daban da ake saya tun da wuri. Ka lura da bangon haikalin rana, duwatsu a haɗe ba laka ba siminti, ko reza ba ta shiga tsakaninsu, ƙofofi da tagogi masu faɗin ƙasa da tsukakken sama don jure girgizar ƙasa, da maɓuɓɓugai goma sha shida da ke miƙa wa juna ruwa. Za a ce maka Ba'amurke Hiram Bingham ne ya gano wurin a 1911. Shi ya sanar da duniya, gaskiya ne, amma wani manomin yankin, Melchor Arteaga, ya kai shi, kuma ya tarar da iyalai suna noma a gonakin. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1983.

Mota za ta sauko da ku Aguas Calientes, garin da ke gindin dutsen, cikin rabin awa, ku ci abinci, ku hau jirgin ƙasa zuwa Ollantaytambo, mota ta ƙarasa da ku Kusko da dare. Kada ka sa jirgin komawa gida a washegari da safe. Zaftarewar ƙasa ko yajin aiki kan tare layin dogo, a farkon 2023 ma zanga-zanga ta sa an rufe wurin na makonni. Bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Kafin ka nufi filin jirgi kuma, zazzage jakarka da aljihunan rigar sanyi ɗaya bayan ɗaya. Ganyen koka, shayinsa na ƙunshi, alawarsa da aka ba ka a hanya, duk ka bar su a ɗakin otal, domin a Legas ko Kano ko Yamai jami'in hana fataucin ƙwayoyi ba zai saurari bayanin al'adar mutanen Andes ba.